Ramanujan da lamba 1729

An haifi Ramanujan ran 22 ga watan Disamba na shekara ta 1887, a garin Erode, can kudancin Indiya. Ya girma a Kumbakonam. Ubansa akawu ne a kantin wani mai saida tufafi. Gidansu ba masu hali ba ne.

Tun yana ƙarami lissafi ya shiga ransa. Yana da shekara 15 ya samu aron wani littafi mai ƙa'idodin lissafi dubbai. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya, yana neman dalilin kowace da kansa. Takarda tana da tsada, sai ya riƙa aiki bisa allo. Ya rubuta, ya shafe da gwiwar hannu, ya sake rubutawa. Amma ya yi watsi da sauran darussa. Saboda haka ya faɗi jarrabawa, aka janye masa kuɗin karatu. Ya daɗe yana yawon neman aiki, da littattafan lissafinsa a hammata.

A 1912 ya samu aikin akawu a tashar jiragen ruwa ta Madaras. A 1913 ya aika da wasiƙa ga Hardi, wani babban malamin lissafi na jami'ar Kambirij, a Ingila. Hardi ya duba, ya ga abubuwan da bai taɓa gani ba. Ya kirawo shi. Ramanujan ya isa Ingila a 1914, suka kama aiki tare.

Zaman Ingila bai karɓe shi ba. Ga sanyi, ga yaƙi. Shi kuwa ba ya cin nama, da kansa yake dafa abincinsa. A 1917 ciwo ya kwantar da shi.

Wata rana Hardi ya tafi gaishe shi a asibiti, a birnin Landan. Ya gaya masa lambar taksin da ya kawo shi, wato 1729, ya ce shi bai ga wani abin sha'awa gare ta ba. Ramanujan, yana kwance, ya musa nan take.

Ga abin da ya nuna masa. A jera ƙwayoyin sukari, 12 a tsawo, 12 a faɗi, 12 a tsayi: 12 x 12 x 12 = 1728. A ƙara ƙwaya ɗaya, wato 1 x 1 x 1, an samu 1729. To, a rushe su, a yi jeri biyu dabam: 10 x 10 x 10 = 1000, da 9 x 9 x 9 = 729. In aka tara, 1729 ce kuma! Ita ce lamba mafi ƙanƙanta da ake iya samu haka ta hanya biyu. Mai bi mata sai 4104.

Ba a gadon asibiti ya gano wannan ba. Da ma ya rubuta lambar cikin littattafansa tun yana Indiya.

A 1919 ya koma gida, jiki ba ƙarfi. Duk da haka bai aje alƙalami ba. Ya rasu ran 26 ga watan Afirilu na 1920, yana da shekara 32. Takardun da ya cika a shekararsa ta ƙarshe sun ɓace wa masana, sai a 1976 aka gano su cikin wani akwati a Kambirij.