Ibrahim Dabo, sarkin da ya tsare Kano daga Fanisau

A shekarar 1819 ne Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya naɗa Malam Ibrahim Dabo, Bafulatani daga zuriyar Sulluɓawa, ya zama Sarkin Kano bayan rasuwar Sarki Sulaimanu.

Sai dai bai gaji ƙasa a zaune lafiya ba. Garuruwa da dama sun ƙi yi masa mubaya'a, kuma boren da ya fi tsanani shi ne na Ɗan Tunku, wanda ya kafu a yankin Dambatta yana kai hare-hare a ƙauyukan arewacin Kano.

Wannan yanki kuwa, mai cike da jama'a da gonakin gero da dawa, yana cikin wuraren da ke ciyar da birnin. Idan manoma suka watse, ganuwar Kano duk kaurinta ba za ta tare yunwa ba. Da alama Dabo ya gane haka, domin bai tsaya a Gidan Rumfa yana jiran labari ba. Ya kafa ribaɗi a Fanisau, arewa da birni, ya gina gida a can.

Ribaɗi gari ne mai ganuwa a bakin daga, inda mayaƙa kan zauna da iyalansu, suna noma, suna ibada, suna tsaron iyaka, tsarin da Muhammadu Bello ya ƙarfafa a daular Usmaniyya. A Fanisau ɗin ne Baturen Birtaniya Hugh Clapperton ya je ya gana da sarkin a shekarar 1824.

Rikicin ya lafa ne bayan Sakkwato ta amince Kazaure ta zama masarauta mai zaman kanta a hannun gidan Ɗan Tunku. Sauran garuruwan Dabo ya murƙushe su ɗaya bayan ɗaya, abin da ya sa ake masa laƙabi da Cigari. Malami ne kuma, akwai littafin Kaff al-Ikhwan da ake jingina masa.

Ya rasu a 1846, kuma 'ya'yansa uku, Usman da Abdullahi da Muhammadu Bello, sun hau gadon a jere. Duk sarakunan Kano da suka biyo baya daga tsatsonsa suke.

Gidan Fanisau, wanda a yanzu yake cikin ƙaramar hukumar Ungogo, shi ne asalin al'adar Hawan Fanisau a bukukuwan Sallah. Ba kamar fadojin dutse na ƙasashen Turai irin su Jamhuriyar Czech ba, da ƙasa aka gina shi, ginin ƙasa kuwa sai da yaɓe bayan damina.