Isaac Newton: Daga ɗalibi mai hidima zuwa kujerar farfesa

An haifi Isaac Newton a ƙauyen Woolsthorpe da ke Ingila a shekarar 1642, watanni uku bayan rasuwar mahaifinsa, wanda manomi ne.

A 1661 ya shiga Kwalejin Trinity ta Jami'ar Cambridge a matsayi mafi ƙanƙanta tsakanin ɗalibai, wato na masu yi wa malamai da 'ya'yan masu hali hidima domin a sassauta musu kuɗin karatu.

A tsarin Cambridge, jami'a ce ke ba da digiri kuma ita ke da kujerun farfesa, yayin da kowace kwaleji ke zaɓen 'yan majalisar malamanta, ta ba su ɗaki da abinci da alawus.

Newton ya hau waɗannan matakai cikin hanzari. Ya samu digirin farko a 1665, aka zaɓe shi cikin majalisar malaman Trinity a 1667, ya karɓi digiri na biyu a 1668.

A 1669, yana da shekara 26, ya gaji Isaac Barrow a kujerar farfesan lissafi wadda Henry Lucas ya yi wasiyyar kafawa.

To sai dai dokar kwalejin ta wajabta wa 'yan majalisar malamanta su zama limaman Cocin Ingila cikin shekaru bakwai bayan digiri na biyu, ko kuma su sauka.

A nan Newton ya shiga tsaka mai wuya, domin binciken da ya yi a asirce kan Littafi Mai Tsarki da rubuce-rubucen malaman coci na farko ya sa ya daina yarda da aƙidar Allah uku cikin ɗaya, wadda kwalejin ke ɗauke da sunanta.

Idan ya bayyana ra'ayinsa zai rasa muƙamansa duka. Idan kuma ya karɓi limanci zai yi rantsuwa a kan abin da bai yi imani da shi ba.

Ya riga ya fara shirin barin majalisar lokacin da Sarki Charles na Biyu ya ɗauke wa mai riƙe da kujerar Lucas wannan sharaɗi a 1675.

Hakan ya ba shi damar zama a Trinity, inda ya rubuta littafinsa Principia kan dokokin motsi da ƙarfin da ke jan abubuwa zuwa ga juna, wanda aka buga a 1687.

Ya koma Landan a 1696 domin kula da ma'aikatar buga kuɗi, ya ajiye kujerar farfesa a 1701, sannan Sarauniya Anne ta ba shi lambar girma ta Sir a 1705.

William Whiston, wanda ya gaje shi, ya fito fili da irin wannan ra'ayi, jami'ar kuma ta kore shi a 1710.

Newton ya rasu a 1727 ba tare da ya wallafa aƙidarsa ba. Sai a 1871 majalisar dokokin Birtaniya ta soke sharaɗin addini ga akasarin muƙaman Cambridge da Oxford.