Shehu Magili: Malamin Sarki Rumfa da Rikicin Tuwat

Ka sani, ya kai ɗan'uwa mai karatu, duk wanda ya ratsa unguwar Sharifai a cikin birnin Kano, to ya taka sawun Shehu Muhammadu ɗan Abdulkarimi Almagili, Allah ya jiƙansa, domin Sharifan nan gare shi suke danganta kansu. Mutumin Tilimsan ne, a ƙasar Aljeriya ta yau. Ya yi karatu wajen Shehu Abdurrahmani Assa'alibi, sa'an nan ya koma Tuwat, cikin Sahara.

A Tamantit, babban garin Tuwat, ya tarar da Yahudawa fatake masu dukiya, suna da ɗakin ibadarsu. Shari'a ta ba Ahlul Kitabi, wato Yahudu da Nasara, amana: su biya jiziya, a kare jininsu da dukiyarsu, ba a tilasta musu barin addininsu. Magili ya ce waɗannan sun warware amanar, sai a rushe ɗakin. Alƙalin Tuwat, Abdullahi Al'asnuni, ya ce a'a. Aka aika wa malaman Fas da Tunis da Tilimsan. Attanasi da Assanusi suka goyi bayan Magili, Ibnu Zakari ya ƙi. Alwansharisi ya tattara fatawoyin cikin Almi'iyar.

Wajen 1492, shekarar da Nasara suka ci Garnaɗa suka kori Yahudawa daga Andalus, aka rushe ɗakin, aka kashe Yahudawa da dama, saura suka watse.

Magili ya yiwo kudu ta Azbin, ya sauka Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa (1463-1499). Ya rubuta masa Tajuddini, kan abin da ya wajaba ga sarakuna: tsare adalci, sauraron talakawa, tara dukiya ta halal. Shehu Usmanu da Malam Abdullahi sun amfana da rubuce-rubucensa ƙwarai.

Daga baya ya wuce Gawo wajen Askiya Muhammadu. Yana can labari ya iske shi an kashe ɗansa a Tuwat. Ya sa Askiya ya kame mutanen Tuwat da ke Gawo. Malam Mahmudu ɗan Umaru na Tumbutu ya tsawata, don ba su da laifi, aka sake su. Magili ya koma Tuwat, ya rasu a 909 Hijira, wajen 1504.

To, ka duba. Saɓanin aƙida tsakaninmu da Yahudu da Nasara na nan, kan tauhidi da annabci, ba a ɓoye shi. Amma saɓani bai halatta jinin mai amana ba, kuma laifin wani ba ya hawa kan wani. Malami komai girmansa yana dacewa, yana kuskure. Ka karɓi Tajuddini hannu biyu, abin da ya faru a Tamantit kuwa ka auna shi da hujja, kamar yadda alƙalin Tuwat ya auna. Kada wani ya ɗauko sunan Magili ya zuga ka a kan maƙwabcinka na Sabon Gari.

Allah ya sa mu dace, amin.