Georges Méliès: Mutumin da ya kai 'yan kallo duniyar wata, ya ƙare da sayar da alewa

Ka shiga shagon masu tura fim a Sakkwato, ka ce a loda maka na sararin samaniya, irin mai jirage suna yawo tsakanin taurari, ka ba da 'yan canji ka wuce gida. To amma ka san wanda ya share fagen irin waɗannan finafinai, da yadda ya ƙare?

Sunansa Georges Méliès, an haife shi a Paris, ƙasar Faransa, a 1861. Mahaifinsa mai masana'antar takalma ne, shi kuwa rufa-ido ya sa a gaba, har ya sayi gidan wasan dabo na Robert-Houdin a 1888. A ƙarshen 1895 ya kalli majigin 'yan'uwan nan biyu, su Lumière, ya nemi su sayar masa da na'urar, suka ƙi. Bai haƙura ba, ya samo wata daga Landan ya mayar da ita kyamara.

A 1902, shekara guda kafin Turawan Ingila su ci Sakkwato, ya fitar da Le Voyage dans la Lune, wato Tafiya zuwa Wata. Fim ne na kusan minti 14, ba murya, inda aka harba masana cikin wani ƙaton harsashi da ya cake a idon wata. Ba kwamfuta fa a lokacin. Zane ne, da tsayar da kyamara a sauya abu a ci gaba da ɗauka.

Fim ɗin ya karɓu sosai a Amurka, sai dai kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Kamfanoni a can suka riƙa kwafa suna sayarwa ba tare da sun biya shi ba. Ya buɗe ofis a New York a 1903 don tare ɓarnar, amma kasuwa ta sauya, bashi ya taru, ga Yaƙin Duniya na Ɗaya. Mutumin da ya yi finafinai sama da 500 ya rasa komai. A 1923, don takaici, ya ƙona waɗanda ke hannunsa, ya koma sayar da alewa da kayan wasan yara a tashar jirgin ƙasa ta Montparnasse.

Daga baya 'yan jarida suka gano shi, aka ba shi lambar girmamawa ta ƙasa a 1931. Ya mutu a Janairun 1938. Kusan 200 ne suka tsira cikin finafinansa.

Yau fim ɗin watan yana YouTube kyauta, ka nema ka gani. Amma gobe in za ka biya kuɗin sabon fim, na waje ko na Kannywood, ka tambayi kanka ko sisinka zai kai ga waɗanda suka sha wahalar yin sa.