George Muller, Uban Marayun Bristol

An haifi George Muller a Jamus cikin 1805. Yana ɗan shekara 16 aka kulle shi saboda zamba. Daga baya ya tuba, ya zama limamin Kirista a birnin Bristol ta Ingila, inda ya buɗe gidan marayu a 1836.

Ƙa'idarsa mai wuya ce: ba ya roƙon kowa ko anini, ba ya cin bashi, Allah kaɗai yake kai wa kukansa. Akan wayi gari asusu babu kome, yara na jiran abinci, sai ya duƙufa da addu'a har gudunmawa ta iso. Marayu sama da 10,000 suka tashi a hannunsa, amma bai yarda a jingina masa yabon ba.

Ya rasu a 1898, bai bar wata dukiya ba.