Alekzanda Makenzi: Madugun Da Bai Fafe Gora Ranar Tafiya Ba

Duk wanda muka yi aji huɗu tare zai tuna da tsohuwar taswirar Amurka ta Arewa da ke rataye a bangon ɗakin Labarin Ƙasa, wadda gara ta ci mata gefe guda. Can sama, inda kore ke ƙarewa fari ya fara, akwai wani kogi da malaminmu kan bi da tsinin sandarsa har ya faɗa teku, sa'an nan ya sa mu maimaita sunansa, wato Kogin Makenzi. Mun haddace don jarrabawa, mun ci, mun manta. Ni dai ban taɓa tambayar ko wane ne mai sunan ba, sai bayan da na kama aikin gwamnati aka ajiye ni a sashen tsare-tsare. A nan ne tarihinsa ya faɗo hannuna, na ga ashe darasin da ke cikinsa ya shafi aikina fiye da yadda ya shafi jarrabawa. Shi ya sa da aka nemi in rubuta wani abu a wannan mujalla tamu, na ce bari in amsa tambayar da ya kamata in yi tun muna aji.

Shi dai Alekzanda Makenzi an haife shi ne wajajen shekarar 1764 a garin Stornoway, a wani tsibiri da ke arewacin Sikotilan. Mahaifiyarsa ta rasu yana yaro, aka tafi da shi Niyok a 1774. Da yaƙin neman 'yancin Amurka ya yi zafi, sai aka tura shi Montiriyal ta ƙasar Kanada a 1778. Shekara guda bayan haka ya kama aikin akawu a wani kamfanin cinikin fatu, ya yi shekara biyar yana lissafin kayan da ke shiga daji da fatun da ke fitowa. Ina ganin a kan wannan tebur ne ya fara sanin nauyin kowane ƙunshi, da yawan abincin da mutum ɗaya ke ci a rana.

A wancan zamani arzikin Kanada yana jikin fatar wata dabbar ruwa ce mai faffaɗar wutsiya da ake kira biba, wadda ake yin hulunan Turawa da gashinta. Babu titi, babu jirgin ƙasa. Hanya ɗaya ce, ita ce ta koguna da tafkuna, abin hawa kuwa kwalekwale ne irin na 'yan asalin ƙasar, waɗanda littattafanmu na makaranta ke kira Jajayen Indiyawa. Da ɓawon bishiya ake yin sa, a ɗinke da saiwa, a liƙe da ƙaro. Idan aka isa inda ruwa ya ƙare ko ya yi mugun gangare, sai a sauke kaya, a saɓa kwalekwalen a kafaɗa har zuwa ruwa na gaba, kowane ƙunshi laba 90, wato kimanin kilo 40. Guzurinsu busasshen naman ɓauna ne da ake dakawa a kwaɓa da kitse, kusan a ce kilishi ne aka daka, ba ya lalacewa ko ya shekara. Babbar matsalar ita ce lokaci, domin ruwan yakan daskare ya zama ƙanƙara fiye da rabin shekara, wanda duk ya makara a hanya kuwa sai abin da hali ya yi.

A 1787 kamfaninsu ya haɗe da babban kamfanin nan na North West, aka tura Makenzi yankin Tafkin Athabasca, zango mafi nisa da suke da shi. Can ya tarar da wani tsohon ɗan kasuwa, Peter Pond, wanda ya zana taswira bisa labaran da ya ji, ya kuma haƙiƙance cewa akwai kogin da ya fita daga Tafkin Great Slave ya nufi yamma har Tekun Fasifik. In haka ne, to za a riƙa kai fatu kasuwar Sin kai tsaye, a huta da doguwar hanyar Montiriyal. Makenzi ya gamsu, ya ɗaura niyya.

Ran 3 ga watan Yuni, 1789, ya tashi daga zangon Fort Chipewyan tare da matuƙa huɗu Faransawan Kanada, da wani Bajamushe, da jagora ɗan ƙabilar Chipewyan da ake wa laƙabi da Sarkin Ingilishi, da samari biyu mafarauta, da mata huɗu masu ɗinkin takalma da kula da abinci. Da suka isa tafkin sai suka tarar ƙanƙara ba ta gama narkewa ba, suka yi ta lallaɓawa gefe-gefe, sauro na cinsu, sai ran 29 ga wata suka sami bakin kogin. Da fari ya nufi yamma, kowa na murna. Ana nan sai duwatsu suka tare gaba, kogi ya karkata arewa, bai sake juyowa ba. Makenzi ya auna tsayin rana ya gane ba Fasifik suka dosa ba, amma ya ce sai ya ga ƙarshensa. Suka kai inda rana ba ta faɗuwa ko da tsakar dare. A tsakiyar watan Yuli suka sauka a wani tsibiri, suka ga ƙanƙara iyakar ganinsu, da wasu fararen dabbobin teku masu siffar kifi, cikin dare kuma ruwa ya taso ya jiƙa musu kaya. Tekun Aktik ke nan. Suka juyo suna jan kwalekwale da igiya gaba da ruwa, suka iso gida ran 12 ga Satumba, bayan kwana 102 da tafiyar kusan mil 3,000, ba a rasa ran kowa ba.

Ga mai neman suna wannan nasara ce, amma ga ɗan kasuwa asara ce, don babu mai sayen fata a kan ƙanƙara. To, a nan ne halin mutumin ya fito. Bai tsaya ɗora wa Pond laifi ba, sai ya binciki kansa, ya ga kuskure biyu. Na ɗaya, ya gina tafiyarsa a kan taswirar wani ba tare da hanyar tantance ta ba. Na biyu, yana iya auna latitud, wato nisansa zuwa arewa, amma ba ya iya auna longitud, saboda haka bai san ko nawa ne tsakaninsa da tekun yamma ba. Mutumin da ya riga ya zama mai hannun jari a kamfani sai ga shi a 1791 ya kama hanyar watanni zuwa Landan, ya zauna yana koyon ilmin taurari da awon ƙasa kamar ɗan makaranta. Ya sayi madubin hangen nesa, da agogo na musamman, da na'urar auna tsayin rana, ya komo a 1792.

Shirin tafiya ta biyu shi ne abin da ya fi burge ni. Tun da ya san damar tafiya gajera ce, bai jira bazara a gida ba. Ya tura mutane gaba su sare katako, shi kuma ya tashi ran 10 ga Oktoba, 1792, ya haura Kogin Peace kafin ya daskare, ya kafa zangon Fort Fork, ya ci sanyin shekarar a can yana tambayar mafarauta labarin abin da ke bayan duwatsu. Ya sa aka yi kwalekwale guda mai tsawon ƙafa 25, wanda zai ɗauki mutum goma da kaya laba 3,000, amma mutum biyu na iya saɓa shi. Kayan sun haɗa da guzuri, da albarushi, da harsashi, da kyaututtukan da za a ba mutanen hanya. Ya ɗauki mataimaki, Alexander MacKay, da matuƙa shida, da 'yan ƙasa biyu masu farauta da tafinta, da kare guda. Ran 9 ga Mayu, 1793, ƙanƙara na tafiya su ma suka tashi.

Shiri bai hana wahala ba. A mashigin Duwatsun Roki ruwa ya fi ƙarfinsu, sai da suka sare hanya a cikin kurmi suka ja kwalekwale bisa dutse. Bayan sun tsallake ƙololuwar da ta raba ruwan gabas da na yamma, wani ƙaramin kogi ya maka su da duwatsu, kwalekwale ya farfashe, harsasai da yawa suka nutse. Matuƙa suka so a koma. Makenzi bai yi musu tsawa ba. Ya bari suka ji ɗumin wuta suka ci suka ƙoshi, sa'an nan ya yi musu magana, aka nemo ɓawo da ƙaro aka yi gyara. A hanya kuma yakan binne buhun guzuri, ya sa a hura wuta a bisa wurin don kada a gane, domin ya san mai zuwa shi ne mai dawowa.

Da suka shiga babban kogin da yanzu ake kira Fraser, sai mutanen Dakelh suka zana masa yadda yake, suka gaya masa gaba akwai gangaren da ba ya biyuwa, tekun kuma ta nan da nisa, amma akwai turbar ƙasa ta fatauci da ke yanke yamma. Hausawa sun ce da ɗan gari kan ci gari. Makenzi ya ji magana, ya juya baya, ya adana kwalekwale, ran 4 ga Yuli kowa ya ɗauki kaya a baya suka taka. Wajen mako biyu suna bin turbar da 'yan ƙasar ke safarar man kifi a kanta, har suka gangaro wurin mutanen Nuxalk a Bella Coola, waɗanda suka ciyar da su kifi suka kuma kai su teku a nasu kwalekwalen. Ran 22 ga Yuli, 1793, ko da yake wasu mutanen gaɓar sun nuna musu ƙiyayya, mutanensa na roƙon a gudu, sai da ya tsaya ya gama awonsa, har da duban watannin tauraron Mushtari don ya san longitud. Ya kwaɓa jan garin fenti da kitse, ya rubuta sunansa da ranar a jikin wani dutse. Ran 24 ga Agusta suna Fort Fork, cif-cif mutum goma kamar yadda suka tashi.

Wannan shi ne karo na farko da tarihi ya rubuta an ƙetare Amurka ta Arewa, sama da Meziko, daga gabas zuwa Fasifik, shekara 12 kafin Lewis da Clark na Amurka. Amma gaskiya ita ce na farko ne a cikin Turawa kawai. Kowace turba da ya bi akwai masu ita, kogin da aka sa wa sunansa ma mutanen Dene na kiransa Deh Cho, wato babban kogi, tun kafin a haife shi.

Mu da muka karanta Mungo Park ba za mu rasa abin kwatanci ba, don shi ma ɗan Sikotilan ne, zamaninsu ɗaya. A tafiyarsa ta biyu, a 1805, Park ya tashi daga Gambiya daf da damina da Turawa fiye da 40, amma 11 kaɗai suka ga Kwara. Ya bi kogin bai cika tsayawa neman yardar sarakunan hanya ba, ya halaka a Busa. Ba jarunta ce ta bambanta su ba. Ɗaya ya zaɓi lokacinsa ya kuma yi tambaya, ɗaya lokaci ya zaɓar masa.

Sauran rayuwar Makenzi ba ta da armashin farkonta. Hanyar da ya bi ta yi wuya ƙwarai ga fatauci, kamfani bai amfana da ita ba. Ya bar yankin a 1794 bai sake komawa ba, ya saɓa da abokan kasuwancinsa har ya koma wani kamfanin hamayya. Littafin tafiye-tafiyensa ya fito a 1801, Sarkin Ingila ya ba shi lambar girma ta Sir a 1802, Shugaba Jefferson na Amurka kuma ya karanta littafin, abin da ya ƙara masa azamar tura nasa ayarin. Makenzi ya zauna a majalisar dokoki a Kanada daga 1804 zuwa 1808, ya koma Sikotilan, ya yi aure a 1812, ya rasu ran 12 ga Maris, 1820, aka binne shi a garin Avoch.

Ni kaina na taɓa tsara kai kayan aiki wasu ƙauyuka daga kan tebur, ban tambayi kowa halin hanya ba. Ruwa ya sauka, mota ta kwana huɗu a bakin rafi, siminti ya daskare, mutanen da aka yi wa alkawari suka jira shekara guda. Da na tambayi direba ɗaya tak da ya gaya mini. Tun daga ran nan, duk takardar tsari da ta zo gabana nakan tambayi wa ya zana taswirar, wane wata za a tashi, me aka ajiye don dawowa.

Ina gaida malamanmu da ke raye, waɗanda suka riga mu kuwa Allah Ya jiƙansu. Malaminmu na Labarin Ƙasa, in wannan ta iso gare ka, ranka ya daɗe, ga amsar tambayar da ɗalibinka bai yi ba.