Shevchenko: Ɗan Baduku Da Aka Fanso Da Hoto

Idan kai mai kallon ƙwallo ne, sunan Shevchenko ba baƙo ba ne a kunnenka. Ka san Andriy Shevchenko, wanda ya ci wa AC Milan ƙwallaye iya ransa, ya ɗauki Ballon d'Or a 2004, daga baya ya koma Chelsea. To amma ka taɓa tsayawa ka tambayi me sunan yake nufi? Kuma ka san idan ka ce Shevchenko a Yukren, wani mutum daban ne zai fara faɗo wa jama'a a rai?

Bari mu fara da sunan. A harshen Yukren, shvets shi ne mai ɗinka takalma, wato baduku a wajenmu. Ita kuwa enko da ke ƙarshe tana nufin ɗan wane. Ka ga ke nan Shevchenko na nufin ɗan baduku. Haka Kovalenko ɗan maƙeri ne, Tkachenko ɗan masaƙi, Kravchenko ɗan tela, Bondarenko kuma ɗan mai ƙera gangunan katako. Yawanci sunayen talakawa ne: ana kiran yaro da sana'ar ubansa, a hankali sunan ya bi jikoki. Shevchenko na cikin sunayen da suka fi yawa a ƙasar, don haka ba kowane mai sunan ne ɗan'uwan wani ba.

Wanda ya ɗaga sunan sama shi ne Taras Shevchenko. An haife shi ranar 9 ga Maris, 1814, a ƙauyen Moryntsi, lokacin da yankin ke ƙarƙashin daular Rasha. Iyayensa bayin gandu ne. A wancan tsarin, manomi da 'ya'yansa mallakar mai ƙasa ne: ba ka tashi daga ƙauye sai da izininsa, kuma yana iya sayar da kai. Mahaifiyarsa ta rasu a 1823, mahaifinsa ya bi ta a 1825. Yana ɗan shekara 11 ya zama maraya gaba da baya. Ya yi kiwo, ya yi aikatau a gidan wani malamin coci, inda ya koyi karatu ya kuma sha bulala. Abu ɗaya ya kasa rabuwa da shi: zane.

Ubangidansa, Pavel Engelhardt, ya ɗauke shi yaron gida, ya tafi da shi Vilnius, sannan St. Petersburg a 1831. Da ya ga yaron na da hannu, sai ya kai shi koyon zane wajen wani mai suna Shiryayev. Kada ka ɗauka tausayi ne. Bawa mai sana'a ya fi daraja, kuma amfanin na ubangida ne.

A nan ne Taras ya gamu da wani mai zane ɗan Yukren, Ivan Soshenko, wanda ya haɗa shi da manyan masu fasaha na birnin. Suka ce wannan yaro bai kamata ya ƙare a bauta ba. Engelhardt ya yanka kuɗi: rubul 2,500. Ina za a samo? Sai shahararren mai zane Karl Bryullov ya zana hoton marubuci Vasily Zhukovsky, aka yi ƙuri'a a kan hoton, aka tara kuɗin. A 1838, yana da shekara 24, Taras ya karɓi takardar 'yancinsa, ya shiga Makarantar Koyon Zane ta Daular. Ka ji fa, hoto guda ne ya fanshi mutum.

Wani da ya samu wannan dama da sai ya lafe, ya ci gaba da zanen masu kuɗi. Shi kuwa a 1840 ya fitar da ɗan littafin waƙoƙi takwas mai suna Kobzar, sunan mawaƙan gargajiya masu yawo gari-gari da abin kiɗa irin molo, yawancinsu makafi. Abin da ya jawo magana shi ne harshen da ya yi rubutun. Manyan masana na lokacin da yawa suna kallon harshen Yukren a matsayin yaren ƙauye, wanda bai isa ɗaukar adabi ba. Wasu masu sharhi sun yi masa ba'a. Bai canza ba, domin mutanen da yake magana a kansu, bayin gandu da marayu da matan da aka yaudara, da wannan harshen suke kuka.

A 1847 aka kama shi tare da 'yan wata ƙungiyar asiri a Kyiv, masu neman a soke bautar gandu. Da aka bincika takardunsa, sai aka tarar da waƙoƙin da ya caccaki sarkin Rasha da matarsa. Aka tura shi aikin soja na dole a yankin Orenburg, can bakin hamada. Sarki Nicholas na Ɗaya da hannunsa ya ƙara sharaɗi: kada ya yi rubutu, kada ya yi zane.

To, ga inda sunan ya dawo. Taras ya riƙa haɗa 'yan ƙananan littattafai, yana rubutu a ɓoye, yana cusa su cikin dogon takalminsa na soja. Ɗan baduku, takalmi ne ya zama ma'ajiyar waƙoƙinsa. A 1848 da 1849 ya bi tawagar da ta je binciken Tekun Aral, ya zana abubuwan da suka gani. Da aka kai ƙararsa, a 1850 aka ƙara nisanta shi zuwa wani sansani a gaɓar Tekun Kasfiya. Garin yana Kazakistan yanzu, kuma sunansa yake ɗauke da shi: Fort Shevchenko.

Sai 1857 aka sake shi, jiki ya riga ya lalace. A 1858 ya haɗu da Ira Aldridge, baƙar fatan Amurka ɗan wasan kwaikwayo, suka ƙulla abota duk da ba sa jin yaren juna, har ya zana hotonsa. Ka tuna, duk wannan lokacin 'yan'uwansa na ciki ɗaya suna nan cikin bauta. Sai 1860 aka samu aka 'yanto su.

Ya rasu ranar 10 ga Maris, 1861, kwana ɗaya bayan ya cika 47. Mako guda kafin nan sarkin Rasha ya sa hannu kan dokar soke bautar gandu, amma ba a shelanta ta ba sai bayan rasuwarsa. Yi lissafi da kanka: shekara 24 a bauta, 10 a gudun dole, sauran 13 ne kawai ya yi yana da ikon kansa. A watan Mayu na shekarar aka mayar da gawarsa wani tudu kusa da Kaniv, a bakin kogin Dnipro, kamar yadda ya so.

Bayan mutuwarsa hukuma ta ƙara matsa wa harshen: a 1863 da 1876 aka kafa dokokin taƙaita buga littattafai da shi. Waƙoƙinsa dai suka ci gaba da yawo hannu zuwa hannu. Yau babbar jami'ar Kyiv sunansa take amsawa, hotonsa yana kan takardar kuɗin ƙasar ta hryvnia 100, akwai mutum-mutuminsa har a Washington tun 1964.

Yanzu kai da wayar nan a hannunka, duba yadda ka rubuta sunanka a Facebook ko TikTok. Da yawanmu muna ɓoye sana'ar gidanmu, muna jin nauyin rubutu da Hausa don kada a ce ba mu waye ba. Taras yana iya rubutu da Rashanci, ya ma yi wasu littattafan da shi, amma waƙoƙin da suka sa ake tuna shi da harshen uwarsa ya yi su, sunan baduku kuma yana manne a kansu. Idan kakanka maƙeri ne, ko majemi, ko mahauci, je ka tambayi tsofaffin gidanku labarin tun suna da rai, ka rubuta shi yadda suka faɗa maka.